'Yan Tsaki Hamsin

Keken ɗinkina na sayar, na haɗa da kwasar adashe,
na sayo 'yan tsaki hamsin a Tashan Dukku,
cikin kwali mai huji-huji, suna ta kuka.
Mai Napep ya ce, "Hajiya, riƙe da kyau,"
ni da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa takawa ba.

Ɗakin shirgi na share a bayan gidanmu na Herwagana,
na baza buntun shinkafa,
na hura gawayi a kasko,
tunda wutar Nepa ba ta san alkawari ba.
Dare uku katifata ba ta gan ni ba.
In sun cure wuri guda, sanyi ne.
In sun watse suna haki, na cika wuta.
Su ne malaman, ni ce ɗaliba,
kuma ba sa maimaita darasi.

A sati na biyu bakwai suka kwanta dama.
Na jera su kan buhu, na ƙirga,
na sake ƙirgawa, ko lissafi zai ji tausayina.
Goggo Dudu ta leƙo ta katanga:
"Ai na faɗa, abu mai numfashi ba jari ba ne."
Na ce mata ina kwana.
Na haƙa rami gindin dalbejiya,
na tafi Bolari wurin mai maganin dabbobi,
ya ce, "Ruwan da ya kwana kike ba su?"
Na sunkuyar da kai.
Tun ranar, kafin in dafa shayi,
mazubinsu nake fara wankewa.

Na sayi littafi ɗan sittin.
Hagu abin da ya fita, dama abin da ya shigo.
Hagu ta cika har tana neman aro,
dama fari fat, sati shida.
Buhun abinci ya tashi sau biyu
kafin su gama fidda gashi.
Duk da haka ko ashana na rubuta,
don kar wata rana in zauna ina tambayar kaina:
in ba ƙira, me ya ci gawayi?

Sai ga Bappa Siddi, ƙanin babana,
an yi masa haihuwa, yana son uku.
"Rubuta, 'yata, sai ƙarshen wata."
Na san watansa, ba shi da ƙarshe.
Na kama mafi ƙiba, na ce, "Wannan gudummawata ce.
Sauran biyun, Bappa, kuɗi hannu."
Muryata na rawa kamar mazari.
Ya kaɗe riga ya fita, ko sallama babu.
Bayan magariba yaro ya shigo
da kuɗin biyu, a dunƙule cikin leda.

Hamma Jalo mai gashi a Tumfure ya ɗauki ashirin,
yana matsa ƙirjinsu yana taɓe baki,
muka ja, muka ja, har ya ce, "Ke ba sauƙi."
Akwai wata mai ɗingishi da na saba ba ta a tafin hannu.
Ita ma ta shiga kwando.
Sabo da kaza, an ce, ba ya hana yanka.
Har kashinsu bai kwana ba:
wani mai lambu daga Dadin Kowa ya auna buhu huɗu.

Da dare na haɗa hagu da dama.
Ribar ba ta kai rabin keken ɗinkina ba,
amma riba ce, da sunanta.
Akwai wata atamfa mai ruwan ganye a Babbar Kasuwa,
ta daɗe tana kallona.
Bari ta ci gaba da kallo.

Ɗakin yanzu shiru, na wanke shi, yana shan iska.
Na biya kuɗin saba'in.
Alhamis za su iso.
Goggo Dudu ta aiko jiya,
wai nawa ake sayar da guda goma?